Ƙafa-Uku Mai Tsawo da Awon Gine-Gine da Hasken Leza

Da yammacin ranar Litinin, 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta tashi a babbar majami'ar Notre-Dame da ke birnin Faris na ƙasar Faransa. Kafin a ci ƙarfin wutar ta riga ta cinye rufin katakon ginin, ta kuma kayar da hasumiyar tsakiya mai tsawon mita 96. Gini ne da aka aza harsashinsa tun shekarar 1163, saboda haka tambayar da ta tsaya wa masana ita ce ta yaya za a san ainihin siffarsa kafin wuta ta taɓa shi. Ɗaya daga cikin amsoshin ta fito daga aikin Andrew Tallon, wani malamin tarihin gine-gine a Kwalejin Vassar ta Amurka, wanda ya rasu a Nuwamba 2018, wata biyar kafin gobarar. Shekaru kaɗan kafin rasuwarsa Tallon ya auna majami'ar ciki da waje da na'urar leza, ya tara ɗigon awo fiye da biliyan ɗaya. Awon nasa yana cikin bayanan da aka samu a hannu lokacin gyara, kuma an sake buɗe majami'ar a Disamba 2024.

Akwai wani abu a cikin labarin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya a kai. Tallon sai da ya kafa na'urarsa a wurare fiye da 50 kafin ya game ginin. Dalilin haka shi ne haske a miƙe yake tafiya, ba ya kewaya ginshiƙi, ba ya leƙa bayan bango. Abin da na'urar ba ta hango ba daga inda take tsaye, ba za ta auna shi ba. Saboda haka wurin da aka tsayar da ita, da tsayin da aka ɗaga ta, suna da muhimmanci kamar ingancin na'urar kanta. Abin da yake ɗauke da ita shi ne mazaunin nan mai ƙafafu uku da ake gani wurin ma'aikatan safiyo a bakin hanya, wanda za a kira shi ƙafa-uku a wannan darasi.

Yadda na'urar take awo

An fara ƙera leza a shekarar 1960, a hannun Theodore Maiman na Amurka. Haskenta siriri ne, yana tafiya mai nisa ba tare da ya bazu ƙwarai ba. Na'urar awon gini tana harba wannan haske ga bango, ya bugi bangon ya dawo, ita kuma ta lissafa lokacin da tafiyar ta ci. Gudun haske kimanin kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya. Idan bango yana nisan mita 30, zuwa da dawowa mita 60 ke nan, kuma hasken zai gama wannan tafiya cikin kashi ɗaya daga miliyan 5 na sakan. Wasu na'urorin kuwa suna kwatanta zubin kaɗawar hasken da ya fita da na wanda ya dawo, su fitar da nisa daga bambancin.

Nisa kaɗai bai isa ya nuna inda ɗigo yake ba, sai an haɗa da kusurwa biyu. A cikin na'urar akwai ɗan madubi mai juyawa da sauri wanda yake watsa hasken sama da ƙasa, sa'an nan kan na'urar gaba ɗaya yana juyawa a hankali har ya kewaya digiri 360. Ga kowane harbi tana rubuta nisa, da kusurwar sama, da kusurwar gefe, daga nan kwamfuta ta sa ɗigon a muhallinsa. Miliyoyin ɗigon nan idan suka taru sai siffar ginin ta fito, kamar yadda ƙwayoyin yashi suke taruwa su zama tudu. Na'urar Leica ScanStation C10, wadda ta fito a 2009, tana auna ɗigo 50,000 a sakan, nauyinta kuwa kilo 13 ne. RTC360 ta kamfanin guda, wadda ta fito a 2018, tana kai ɗigo miliyan 2 a sakan, alhali nauyinta ya ɗara kilo 5 da kaɗan.

Duk lissafin nan yana kan zato guda, wato cewa tsakiyar na'urar ba ta gusa ba tun daga harbin farko har na ƙarshe, tsawon minti biyu ko biyar ko fiye. Idan ta gusa, ko ta karkata, ba ta da hanyar sanin dukkan abin da ya faru, sai ta ci gaba da rubuta ɗigo a wuraren da ba nasu ba. Aikin ƙafa-uku ke nan, ta tabbatar da wannan zato. An zaɓi ƙafa uku ne domin ɗigo uku a koyaushe suna zama daidai a kan shimfiɗa ɗaya, komai rashin daidaiton ƙasa. Tebur mai ƙafa huɗu yakan yi rawa sai an cusa masa takarda, amma tukunya a kan duwatsun murhu uku tana zama daram.

Amfanin ɗagawa sama

Ƙafa-uku ta safiyo da aka saba da ita tana tsayar da na'ura a kimanin mita 1.5, wato daidai idon mutum. Wannan ya dace da madubin safiyo da ake leƙawa, amma na'urar leza ba ta bukatar a leƙa ta, kuma a wannan tsayi abubuwa da yawa suna tare mata gani: mutane, motoci, katanga, rumfuna, tarin kaya. Duk abin da ya tare hasken yana barin inuwa a bayansa, wato gurbin da babu awo ko ɗaya.

A ɗauki misalin soro irin na ƙasar Hausa, mai rawani a kewayen rufinsa. A ce daga ƙasa zuwa saman rawani mita 4 ne, rufin kansa kuma yana ƙasa da saman rawanin da rabin mita. Na'urar da take mita 1.5 ba za ta ga komai na rufin ba, ko ta kewaya ginin sau goma. Idan aka ɗaga ta ta haura mita 4, tana nisan mita 10 daga bangon, sai ta fara ganin rufin, amma rawanin yana jefa inuwa a bayansa. Ana samun tsawon inuwar da ƙa'idar alwatika masu kama da juna: a ninka nisan na'ura da tsayin rawani, a raba da tazarar da na'urar ta haura saman rawanin. A tsayin mita 4.5, lissafin shi ne 10 sau 0.5 a raba da 0.5, inuwa mita 10 ke nan, wato ta rufe rufin ƙaramin soro gaba ɗaya. A mita 5 inuwar ta koma mita 5. A mita 6 ta koma 2.5. A mita 8 kuwa ta zama 1.25.

Mai lura zai ga cewa rabin mitar da aka ƙara daga 4.5 zuwa 5 ta rage inuwa da mita 5, alhali mita biyu cif da aka ƙara daga 6 zuwa 8 ba su rage sai 1.25 ba. Ribar tsawo tana da yawa a farko, sa'an nan ta riƙa raguwa. Haka kuma idan aka bar na'urar a mita 5 aka matso da ita zuwa nisan mita 5 daga bango, inuwar za ta koma 2.5, daidai da abin da ƙarin mita guda ya bayar, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ma'aikacin da ya iya wannan ɗan lissafi yakan san tsayin da yake bukata tun kafin ya shiga kanti, kuma sau da yawa bai kai abin da zuciyarsa ta raya masa da farko ba.

Fa'ida ta biyu ta shafi kusurwar da haske yake bugun abu da ita. Idan ya sauka a kan bango kai tsaye, tabonsa ƙaramin da'ira ne, kuma mafi yawan hasken yana dawowa. Idan ya sauka a karkace sai tabon ya miƙe, hasken da yake dawowa ya raunana, awon kuma ya yi ta kai da kawowa. Karkacewar digiri 60 daga miƙaƙƙen bugu tana ninka tsawon tabon sau biyu, ta digiri 80 kuwa kusan sau shida. A lungu mai faɗin mita 6, na'urar da take mita 1.5 tana kallon saman bene mai tsawon mita 12 da kusurwar digiri 60. Idan aka ɗaga ta mita 6 sai kusurwar ta koma 45, ado da zanen da ke saman bangon su fito sosai.

A kan daɓe ko tsakar gida abin ya fi haka tsanani. A ce an saita na'ura yadda tazarar ɗigo da ɗigo za ta zama milimita 5 a nisan mita 10. A kan bangon da yake fuskantarta a mita 20 tazarar santimita 1 ce. Amma a kan ƙasa, a wannan nisa, idan na'urar tana mita 1.5, hasken yana shafar ƙasar ne kawai da kusurwar digiri 4, tazarar ɗigon kuma ta kai santimita 13. Ɗaga ta zuwa mita 4.5 yana mayar da tazarar ƙasa da santimita 5. Wanda yake son sanin inda ruwan sama yake kwanciya a harabar gini, wannan bambanci ne da zai iya hana shi ko ya ba shi amsa.

Ga ginin ƙasa wannan batu ba ƙarami ba ne, domin ruwa daga sama yake cin gini. Tsagewar rufi, da toshewar indararo, da zaizayar rawani da zankwaye, duk a saman da ido ba ya kaiwa suke farawa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, yana cikin fitattun gine-ginen ƙasa na Afirka saboda bakunan gizonsa da tulluwansa, kuma a watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. A Uganda ma kaburburan sarakunan Buganda da ke Kasubi sun ƙone a Maris 2010, shekara guda bayan ƙungiyar CyArk ta auna su da leza. A 2004 kuma ayarin Zamani na Jami'ar Kef Tawun, a ƙarƙashin Farfesa Heinz Rüther, ya fara irin wannan aiki a Afirka, ya auna Babban Masallacin Jenne da masallacin Jingarai Ber na Tambutu a Mali, da majami'un dutse na Lalibela a Habasha, da kangayen Kilwa a Tanzaniya. Awon da ya kama bango ya bar rufi ya bar rabin labarin lafiyar ginin.

Abin da tsawo yake jawowa

Kowace mita da aka ƙara tana zuwa da nata haraji. Na farko mai sauƙi ne. Na'urar ba ta ganin ƙarƙashinta, domin jikinta ya tare. Da yawa daga cikinsu digiri 300 suke gani daga sama zuwa ƙasa, saboda haka akwai da'irar makanta a gindinsu, wadda rabin faɗinta ya kai kashi 58 cikin ɗari na tsayin na'urar. A mita 1.5 wannan bai kai mita guda ba, a mita 5 kuwa ya kusa mita 3. Dole a cike gurbin daga wata tsayuwar.

Na biyu shi ne karkata, kuma nan ne lissafi yake ba da tsoro. Karkatar digiri ɗaya tana kautar da ɗigo da santimita 17.5 a nisan mita 10. Kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, wanda babu idon da zai gan shi, yana kautar da ɗigo da milimita 5 a nisan mita 30. Milimita 5 ɗin nan ita ce gwargwadon ingancin awon Tallon a Notre-Dame, wanda da shi ya nuna cewa jeren gumakan sarakuna da ke fuskar ginin ya kauce daga miƙewa da kusan santimita 30. Ashe ɗan girgizar da ba a gani tana iya cinye dukkan ingancin na'urar da aka saya da tsada.

Dogon sanda kuwa ya fi gajere lanƙwasa fiye da yadda ake zato. Idan aka kafe sanda a gindi aka tura kansa, lanƙwasar tana ƙaruwa ne da tsawon sandan a ninke sau uku a kansa. Ninka tsawo sau biyu yana ninka lanƙwasa sau takwas, ninka shi sau uku yana ninka ta sau 27. Maganin wannan yana cikin kaurin bututun, domin idan aka ninka faɗin bututu sau biyu aka bar kaurin fatarsa yadda yake, taurinsa yana ƙaruwa kusan sau takwas. Shi ya sa ginshiƙin tsakiya na ƙafa-uku mai kyau yake da faɗi, ko da cikinsa holoƙo ne. Siririn sanda mai nauyi bai kai faffaɗan bututu mara nauyi tsayuwa ba. Karan dawa da gora a kan wannan ƙa'ida aka halicce su.

Na uku shi ne faɗuwa. Ƙafafun uku suna zana alwatika a ƙasa, kuma muddin cibiyar nauyi tana saman cikin alwatikar, abin yana tsaye. Idan tazarar ƙafa da ƙafa mita 2 ce, daga tsakiya zuwa gefen alwatikar mita 0.58 ce kawai. A ce na'ura da mazauninta sun kai kilo 25. Ƙarfin da yake riƙe da su shi ne 25 sau 0.58, wato 14.5. A raba wannan da tsayin da ake turawa, sai a sami turin da zai kayar da su. A mita 1.5 ana bukatar turi daidai da nauyin kilo 9.7, a mita 5 kuwa kilo 2.9 ya isa, wato abin da ƙaramin yaro zai iya da hannu ɗaya. Iska ma tana iyawa, domin ƙarfin turinta yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninku sau biyu, kuma a sama ta fi gudu, inda babu katanga ko bishiya da za su rage mata ƙarfi. Iskar da take gabatar hadari a farkon damina tana tasowa cikin 'yan mintoci, saboda haka da an ga gabas ta haɗe sai a sauke na'ura.

Wannan lissafi shi ne kuma yake nuna magani. Rataya buhun yashi mai kilo 20 a tsakiyar ƙafafun, can ƙasa, yana ɗaga turin da ake bukata daga 2.9 zuwa 5.2. Buɗe ƙafafun zuwa mita 3 yana kai shi 4.3. Miƙa ƙafa ɗaya wajen da iska ta dosa yana ninka juriyar sau biyu, matuƙar iskar ba ta sauya hanya ba. Sai dai a kula kada buhun ya riƙa lilo, domin buhu mai lilo girgiza yake ƙarawa. A bar shi ya ɗan taɓa ƙasa.

Katako, alminiyam ko zaren kabon

Zafi yana miƙar da ƙarfe. Kowace mita ta alminiyam tana ƙaruwa da milimita 0.023 ga kowane digiri na ma'aunin Salshiyas, kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan dukkan ƙafafun suka miƙe daidai, na'urar ɗagawa kawai za ta yi kaɗan. Matsalar tana zuwa ne idan rana ta bugi ƙafa ɗaya ta bar biyu a inuwa. Ƙafa mai mita 3 da ta fi 'yan uwanta zafi da digiri 10 za ta miƙe da milimita 0.7, kuma a kan alwatika mai gefen mita 2 wannan yana karkatar da kan mazaunin gwargwadon da zai kautar da ɗigo fiye da santimita 1 a nisan mita 30. A ranar bazara a Sakkwato ko Damagaram bambancin digiri 10 tsakanin ƙarfen da yake rana da wanda yake inuwa ba abin mamaki ba ne.

Katako ba ya miƙewa ƙwarai a tsawonsa, yana kuma shanye girgiza, shi ya sa har yanzu masu awo mai tsanani suke fifita shi. Aibinsa nauyi, da shan danshi idan fentinsa ya kankare, kuma a lokacin hunturu yakan bushe har kusoshinsa su saki, sai an riƙa ɗaure su. Zaren kabon ba shi da nauyi, yana da tauri, zafi kuma kusan ba ya miƙar da shi, amma yana da tsada, kuma idan ya tsage ba a gyara shi wurin mai walda. Rashin nauyin nasa ma takobi ne mai kaifi biyu, domin abin da ya sauƙaƙa ɗauka shi ne ya sauƙaƙa faɗuwa. Alminiyam shi ne mafi araha, kuma mafi yawan masu tsawo da shi ake yin su. Wanda ya saya sai ya riƙa aiki da sassafe ko da la'asar, ko ya yi wa ƙafafun inuwa, ya kuma bar su su ɗan jima a fili kafin ya fara awo.

Na'urori da yawa suna da ma'aunin karkata a cikinsu, wanda yake gyara awo idan mazaunin ya karkata a hankali. Yana taimakawa wajen zafin rana da nutsewar ƙafa a yashi, amma ba ya maganin girgiza mai sauri, ba ya kuma ganin murɗawar mazaunin a kan kansa. Murɗawar nan tana faruwa duk lokacin da injin na'urar ya fara juyi ko ya tsaya, domin yana tura mazaunin baya da ƙarfin da ya tura kansa gaba, kamar yadda ƙa'idar Niyuton ta uku ta faɗa. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 12858-2 a 1999 musamman domin ƙafa-uku ta safiyo, inda ta raba su gida biyu, masu ɗaukar na'ura mara nauyi da masu ɗaukar mai nauyi, ta kuma sa gwajin danna nauyi da gwajin murɗawa.

A wurin saye

Masu tsawo iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai ginshiƙin tsakiya mai haƙora, wanda ake ɗagawa da juya hannu, yakan kai mita 3 zuwa 5. Akwai kuma mai bututu masu shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, wanda yakan haura haka, amma sai an ɗaure shi da igiyoyi da turaku, kuma na'ura mara nauyi kaɗai ta dace da shi, irin BLK360 ta farko mai kilo 1. Ga na'ura mai kilo 5 ko fiye, mai haƙora ya fi, domin nauyin ba ya zubowa a kan hannun ma'aikaci idan ya saki.

Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce nauyin da aka rubuta a takarda, a wane tsayi aka gwada shi, a naɗe ko a miƙe. Hankali ya fi kwanciya da wadda take ɗaukar ninki biyu na nauyin na'urar. Sai a duba bakin ɗaurawa, domin kayan safiyo suna amfani da kusa mai faɗin 5/8 na inci, kayan hoto kuwa 3/8 ko 1/4, kuma duk mahaɗin da aka ƙara tsakani wata kafa ce ta rawa. A duba ko akwai sanduna ko sarƙa masu haɗa ƙafafun, waɗanda suke hana su zamewa a kan siminti ko tayil. A duba tafin ƙafa, mai tsini domin ƙasa, na roba domin cikin gini, musamman tsohon daɓen da bai kamata a huda ba. Sa'an nan a miƙe ta iyakar tsawonta a nan cikin kantin, a ɗaure ko'ina, a ɗan ƙwanƙwasa ginshiƙin a ƙirga sakan nawa zai yi kafin ya daina kaɗawa, a kuma kama kan a murɗa a ji ko akwai wasa a mahaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne tsawonta idan an naɗe ta, ko za ta shiga motar da ake da ita, ko mutum biyu za su iya hawa matakalar soro da ita.

A wurin aiki ana daidaita mazaunin da ƙwayar ruwa tun yana ƙasa, a taka tsinin ƙafafun su nutse, sa'an nan a ɗora na'ura a ɗaga. A kan gangare ƙafa biyu suke fuskantar ƙasa, ɗaya ta fuskanci tudu. Tunda hannu ba zai kai maɓallan ba, ana sarrafa na'urar daga wayar hannu, kuma ana jiran minti guda bayan ɗagawa domin girgiza ta kwanta. Kafin a ɗaga komai sai an ɗaga kai an duba wayoyin lantarki. Layukan da suke ratsa unguwanni a Nijeriya suna ɗauke da bolt 11,000, wasu 33,000, alminiyam da zaren kabon kuma duk suna wuce da lantarki, har wutar tana iya tsallakowa kafin a taɓa wayar. Bayan awo ana duba gefen wani miƙaƙƙen abu a kwamfuta, kamar dogaran ƙofa. Idan ya fito a miƙe mazaunin ya tsaya, idan ya fito yana kwana-kwana kamar sawun maciji an yi rawa, sai a sake.

Akwai kuma inda ƙafa-uku mai tsawo ba ta da abin yi. Hasumiyar Babban Masallacin Agadas, a birnin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, tana da tsawon mita 27. Ƙarin mita 3 ko 4 bai canza komai a gaban irin wannan tsawo ba. A nan gajeriyar ƙafa-uku mai ƙarfi a kan soron maƙwabta, da izininsu, ta fi doguwa a ƙasa, abin da ya rage kuma a cike shi da hotunan ƙaramin jirgi mara matuƙi.

Aikin aji

Malami zai iya nuna ƙa'idar lanƙwasa da siririyar gora ko sandar ƙarfe. A danne ta a gefen tebur, santimita 40 a waje, a rataya ɗan ƙaramin dutse a bakinta, a auna yadda ta sunkuya daga inda take kafin a rataya. A sake da santimita 80 da dutsen nan dai. Amsar za ta kusanci ninki takwas, muddin dutsen bai yi nauyin da zai lanƙwasa ta ƙwarai ba. Domin nuna inuwa, a jera littattafai su zama bango mai rawani, a rufe tagogi, a riƙa ɗaga tocilan daga nisa guda, ɗalibai su auna inuwar su kwatanta da abin da lissafi ya ba su. Idan da ɗan alƙalamin leza, a ɗaure shi a kan sanda mai mita 1, sa'an nan mai mita 2, a haska bango mai nisa, a yi fifita kusa da shi a ga rawar tabon. Kada a kuskura a haska shi a idon kowa.

Ga tambaya domin 'yan aji biyar da shida. Wani soro yana da tsayin mita 5 har saman rawani, rawanin kuma santimita 60 ne. Lungun da ke gabansa bai bar a ja da baya fiye da mita 4 ba, kuma ana son inuwar da ke kan rufin kada ta wuce mita 2. Wane tsayi ya kamata na'urar ta kai? Idan nauyinta da na mazauninta kilo 30 ne, tazarar ƙafafun kuma mita 2, turin kilo nawa ne zai kayar da ita a wannan tsayi, kuma yashi kilo nawa za a rataya domin ta jure turin kilo 5?